Mai Ɗan Kamfai a Taron Iyaye

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Asabar ba, ina wata na huɗu da fara koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta a nan Zuru. Ko takardar tabbatar da aiki ba a ba ni ba tukuna.

Laifin yayana ne (haka dai nake faɗa wa kaina). Soja ne, ya zo hutu ya zuba mini wani tsohon gem a kwamfutata. Ya ce asalinsa na shagunan wasa ne, inda ake jefa kwabo a inji kafin a buga, daga baya aka yi na kwamfutar gida, kuma da gangan aka tsananta shi. Wani jarumi ne cikin sulke yake gudu a maƙabarta yana jifan fatalwa da mashi. In aka taɓa shi sau ɗaya sulken ya tarwatse, daga shi sai ɗan kamfai. In aka ƙara, sai tarin ƙasusuwa.

Mako uku ban wuce matakin farko ba. Akwai wani jan aljani mai fukafukai da yake tsare hanya, ina jifa yana gocewa, sai ya sheƙo ya gama da ni. Abin ya hana ni sukuni. Ina bayan ɗan kabu-kabu a kan babur yatsuna suna danne-danne a kan jaka. Ina tuƙa tuwo ina lissafin inda zan yi tsalle. Har Inna ta tambaye ni ko wani ne ya ɓata mini rai a wurin aiki.

Ranar taron iyaye da malamai, shugaban makaranta ya sa ni haɗa kwamfutata da majigi don a nuna sakamakon jarrabawa. Aka ba ni ɗan tebur a gefe, ina fuskantar jama'a, bangon da ake haskawa yana bayana. Na nuna, aka tafa. Na danna madannin kashe majigi (ko kuma na ɗauka na danna), shugaba ya miƙe ya fara jawabi kan makarar da yara suke yi wajen zuwa makaranta.

Mutumin nan in ya kama magana ba ya saki. Na kaɗa ƙafa, na juya biro, na duba agogo ya fi sau goma. Can na ce wa kaina sau ɗaya tak zan gwada. Na kashe sauti, na haɗe fuska kamar mai rubuta bayanin taro.

Zauren ya yi tsit. Shugaba ya ga duk idanu sun yo wajensa, sai ya ƙara ƙaimi. Jifa-jifa nakan ji mutane sun ja tsaki a tare, ko wata uwa ta ce kash. Na ce a raina lallai maganar makara ta taɓa su. Ban lura ba cewa duk lokacin da jan aljanin ya kashe ni ne suke yi.

Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa. Baba Saje ake kiransa, tsohon soja ne mutumin Wasagu, jikokinsa biyu suna ajina. Shugaba ya ba shi dama cikin murna.

"Ranka ya daɗe, ba da kai nike ba," in ji shi, ya juyo gare ni. "Malama, ɗiyata, wanga mutum naki sau bakwai ke nan yana mutuwa wuri guda. Ki bari abin ya sauko kusa, sannan ki jefe shi. Kuma don Allah a nemo mai wando, akwai mata a nan."

Na waiwaya. Ga jarumina a bango, tsawonsa ya kai ƙofa, tsaye cikin ɗan kamfai. Ina kallo aljanin ya sheƙo ya mayar da shi ƙasusuwa. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Shugaba kaɗai ne bai yi ba. Na rufe kwamfutar da ƙarfi, na rasa inda zan sa fuskata, sai na shiga gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni ta bakin matan kasuwa. Inna ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, wai wane ne wannan mara kunyar da na nuna wa mutane.

Ranar Litinin shugaba ya ba ni takardar gargaɗi, ya ƙara mini zango guda na gwaji, ya ce in goge gem ɗin. Na goge, amma sai da na gwada shawarar Baba Saje. Ta yi aiki kuwa. Na wuce aljanin, na yi taku kaɗan na faɗa ruwa.

Yanzu da hannuna nake zare wayar majigi. Kuma duk ranar da na ga iyayen yara sun natsu haka a taro, baya nake fara dubawa.