Ranar da Injiniya Ya'u Ya Tsefe Waya

"Hajiya, ni da na haɗa kwamfutocin Dubai da hannu ɗaya, ɗayan ina cin tsire, waɗannan kakannin ne za su gagare ni?"

Haka Ya'u, ɗan maƙwabtanmu, ya faɗa yana bugun ƙirji a ofishina na Nassarawa GRA. 'Yar'uwa, Dubai ɗin nan ko a kalanda bai taɓa ganinta ba.

Marigayi Alhaji ya bar min cinikin shinkafa, da wata tsohuwar kwamfuta baƙa kamar firij, da allunanta uku masu koren rubutu. Sai an buga a allunan nan takardar lodi take fitowa. To, ɓera ya cinye tsohuwar waya mai kauri da ke haɗa allunan da kwamfutar, ga direbobin tirela biyu a ƙofa, sun rantse in la'asar ta yi ba takarda, za su tafi su ɗauki kayan wani.

Madam Salomi, akawunmu tun zamanin Alhaji, ta sayo siririyar wayar zamani da 'yan mahaɗai kamar babban yatsa, masu haɗa tsoho da sabo. Sai ciwon haƙori ya kai ta asibiti. Dole na kira Ya'u. Na taya kuɗin aikinsa har ya cire hula yana fifita.

Ya fara da watsa mahaɗan a kwandon shara. "Tsohon yayi!"

Sannan ya fere bakin wayar, ya dafe kai. "Hajiya, an cuce ki! Dubi cikinta, duk a murɗe, biyu-biyu. Ta ina saƙo zai bi? Ai jiri zai kwashe shi!"

"Ya'u, ni karatuna sa hannu ne kawai, amma na san kitso. Wannan murɗin da gangan aka yi shi."

"Ki bar wa masu ilimi, Hajiya."

Sarkin shirme ya fere wayar kaf, ya tsefe ta sili-sili, har ya ari dutsen gugar Tani mai girkinmu ya miƙar da ita. Ya cusa, ya naɗe da salatif, ya kunna. Allo ɗif!

"Tunani take yi," in ji shi.

Ana haka Salomi ta shigo, kunci a kumbure. Ta ga silin waya shimfiɗe har baranda, ta manta da haƙori.

"Wa ya kwance murɗin? Shi ke tsare saƙo daga hayaniyar lantarki!"

Ta tono mahaɗan daga shara, ta yanko ragowar wayar da ya manta a kwalinta, ta jona. Koren rubutu ya bayyana, takarda ta fito, ladan yana gyaran murya.

Ya'u ya nufi ƙofa. Na tare shi.

"Ina zuwa, Injiniya? A kitse ka samu wayata, a kitse za ka bar ta."

Ya zauna a baranda, ya miƙe ƙafa, yana murɗawa biyu-biyu. Ɗaya daga cikin direbobin ya leƙo ta tagar tirelarsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Baba mai kitso, hannunki da kyau wallahi. Matata tana da biki ranar Asabar, kina yin shuku?"