Yadda Za Ka Shiga Sinima Da Mata Ka Fito Gwauro

Ya kai magidancin Zongo mai ƙishin ganin fuskarsa a farin bango, kwantar da hankalinka. An gwada wannan hanya a kan Sammani, telan bakin tashar jirgin Paraku, kuma ta ci. Bi ta daki-daki, na yi maka alkawarin yin suna daga nan har Jugu cikin yini ɗaya.

1. Kada ka karanta littafin

Za ka ji an ce Badamasi, wanda ya yi wata shida a Faransa har ya manta sunan tuwo, ya sauko daga jirgin Kutanu da akwatin ɗaukar hoto. Zai mai da wani littafin almara sinima, labarin bafataken goro da ya auri 'yar sarkin aljanun ruwa. Je ka tsaya gabansa ka turo ƙirji. In ya miƙo maka littafin, tokare ƙafar keken ɗinkinka da shi. Karatu aikin masu shakka ne. Sammani bai buɗe ba, shi ya sa bai san abin da ke shafi na arba'in ba.

2. Kawo matarka

Aljana ba ta da wuya: a sami dogon ɗan dako a naɗe shi da zanen gado. Matar bafataken ta gida ce matsala. Shekara biyar ke nan da muka sallami Faransawa, amma har yau ba uban da zai bari akwati mai ido ɗaya ya kalli 'yarsa. Unguwa kuma ba za ta yarda ka riƙe hannun matar wani ba. To kawo taka. Halalinka ce, wa zai ce uffan?

Turai, matar Sammani, ta ce masa, "Maigida, ni fa ban san me za a ce in yi ba."

Ya ce, "Kuka ne kawai. Ai kin iya."

3. Tara shaidu

A ɗauki hoton a bakin tafkin Jugu, garin iyayenta, don dangi su ga ɗaukakar surukinsu. Gayyato Malam Zailani ya buɗe da addu'a. Shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, a gaba-gaba, inda ba kalmar da za ta wuce shi.

4. Faɗi duk abin da aka ce ka faɗa

Ga shafi na arba'in: sarkin aljanu ba ya ba da 'yarsa ga mai mata. Sammani ya juya ga Turai, ya ɗaga hannu. "Je ki, na sake ki!"

Badamasi ya yi tsalle. "Coupez! A tsaya! Akuyar wa ce wannan ta shigo? A maimaita!"

Aka kori akuya, Sammani ya faɗa karo na biyu.

"Haba mon ami! Kamar mai neman aron allura? Fito da shi daga cikinka!"

Sammani ya cika ƙirji, ya fito da shi daga cikinsa, har tsuntsaye suka tashi. Turai ta fashe da kuka. Jama'a suka ɗauki tafi, shi kuwa ya ji kansa ya taɓa sama.

5. Saurari malami, bayan an gama

Malam Zailani ya furzar da tuƙar goro. "Sammani, uku ke nan."

"Allah gafarta Malam, uku na me? Ai wasa ne!"

"Matarka ce ko ba matarka ba ce? Bakinka ne ko na aro? Saki ba ya da wasa. Sai ta auri wani."

"To Malam, me ya hana ka magana tun na farko?"

"Addu'a aka kira ni. Ba a tambaye ni ba."

Lura da wannan hikima, ita ce ke riƙe da garuruwanmu. Mutum ɗari uku a bakin tafki, kowa ya san hukuncin tun yana makarantar allo, kuma ba wanda ya ɗaga yatsa. Yin magana da wuri rashin kunya ne. Mutumin kirki yakan jira gini ya faɗi, sannan ya ce dama ya ga tsagewar.

6. Bi ta da ban haƙuri

Sammani ya yi sawu bakwai zuwa zauren surukinsa. A na bakwai Turai ta amsa daga bayan asabari.

"Na farko na ce aiki ne. Na biyu ma haka. Amma na ukun nan, Sammani, ko rawa muryarka ba ta yi ba."

Da ta gama idda ta auri Talle, direban motar goro. Sammani ya zauna jiran ranar da Talle zai sake ta. Ya kamata ka sani, Talle ba ya wasan kwaikwayo.

7. Je ka ga kanka a bango

Bayan shekara aka haska fim ɗin a Paraku. Badamasi ya yanke wurin sakin gaba ɗaya, wai ya yi tsawo. Abin da ya rage na Sammani shi ne ƙeyarsa, yana bin ɗan dako cikin ruwa.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan ka wayi gari kana hura wuta da kanka, kada ka zo ƙofata. Ni ma ina bakin tafkin a ranar, da satifiket ɗina na lakwal, wato makarantar boko, a aljihu, kuma na karanta shafi na arba'in. Ba a tambaye ni ba.