Ranar da Honarabul Ya Ga Kwaɗo

A wata makarantar koyon aikin likitan dabbobi akwai wani dattijo, Malam Sidi, wanda ya shekara talatin yana kula da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke kamo kwaɗi, shi ke haɗa magunguna, kuma duk makarantar an san bakinsa ba ya da linzami. Ana nan sai labari ya zo cewa kwamitin majalisar jihar zai kawo ziyara, don akwai shawarar a rufe ɗakin a mai da shi wurin taro. Shugabar sashen, Dakta Balaraba, ta kira shi ofis ta zaunar da shi.

Ta ce, "Baba Sidi, don girman Allah, gobe abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa. In aka rufe ɗakin nan, ɗalibai ɗari biyu sai dai su ga kwaɗo a hoto."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ni kurma ne gobe."

Washegari da hantsi sai ga shugaban kwamitin, wani Honarabul mai babbar riga da ta sha sitaci, da mutum shida a bayansa suna dariya tun kafin ya gama magana. Ya shigo yana toshe hanci da hankici. Malam Sidi ya riga ya rataye kwaɗo a ƙugiya, ƙafafunsa na reto.

Honarabul ya ce, "Wannan kuma wane laifi ya yi?"

Malam Sidi ya ce, "Ba laifi, ranka ya daɗe. An kashe masa ƙwaƙwalwa, ba ya jin zafi, ba ya tunanin komai. Lakar bayansa kaɗai ta rage tana aiki."

Ya ɗauki matsefata ya ɗan matsi yatsan kwaɗon. Sai ƙafar ta naɗe a hankali, kamar ta wanda aka tasa daga barci. Honarabul ya sauke hankicin ya matso.

"Ka ce ba ƙwaƙwalwa, to wa ya ba ƙafar umarni?"

"Lakar ce. Saƙo ya shiga, amsa ta fito, ba a tuntuɓi kai ba. Yanzu kuma bari ka ga abin da maganin zaburar da jijiyoyi yake yi."

Ya zuƙi ɗigon magani a sirinji ya yi wa kwaɗon allura, ya sauke shi ya kwantar a faranti. Dakta Balaraba ta karɓi bayanin da sauri, don ta ga dattijon ya fara jin daɗin kansa. Ta ce a cikin laka akwai wani abu kamar birki, shi ke hana jiki wuce gona da iri, maganin kuwa birkin yake tsinkewa. Da irin wannan gwaji ne ɗalibai suke gane dabbar da ta ci guba tun kafin ta mutu a hannunsu.

Bayan ’yan mintoci Malam Sidi ya ce, "Bismilla, ranka ya daɗe. Ba sai ka taɓa shi ba, teburin kawai za ka buga."

Honarabul ya buga. Kwaɗo ya zabura gaba ɗayansa, ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga hannuwa. Ya sake bugawa, kwaɗo ya sake zabura. Abin ya yi masa daɗi har ya naɗe hannun riga ya buga sau uku a jere. Dakta Balaraba ta sauke ajiyar zuciya, ta ga alamar ɗakin ya tsira. Malam Sidi kuwa ya haɗe leɓe, yana ta ba kansa haƙuri.

Honarabul ya juyo yana share gumi ya ce, "Ikon Allah. Shekarata goma sha biyu a majalisa, ba ƙasar da ban zaga ba, amma ban taɓa ganin abu ba ƙwaƙwalwa, an ɗan ɗura masa wani abu, ana buga tebur yana ɗaga hannu ba. Kai fa, dattijo?"

Malam Sidi ya dubi Dakta Balaraba. Tambayarsa dai aka yi.

Ya ce, "Ai daga ciki ba a gani, ranka ya daɗe. Mu a talabijin muke kallo."