Nomau da Muryar Marigayi

A Tungar Maƙera akwai gidan wata tsohuwa da ake kira Inna Tasalla, mai 'ya'ya uku maza. Babban shi ne Lawali direba. Na tsakiya Mudassiru, yana da shago a kasuwa inda yake tura wa mutane waƙoƙi daga kwamfuta zuwa katin waya. Autan shi ne Nomau, mai gemu da shekara talatin, wanda idan ka ce masa jira ni a nan ka manta, gobe a nan za ka same shi. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, sai dai magana yadda ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta.

A daminar da 'yan bindiga suka tare hanya suka harbe Lawali, an tsinci wayarsa a farfashe, amma katin ciki bai yi komai ba. A cikin katin akwai maganar da ya naɗa kafin ya cika. Ya yi sallama da Inna, ya ba da amanar matarsa, sannan ya faɗi sunan mai kai wa 'yan bindiga rahoton motoci, wato Haladu mai sayar da fetur a tasha. Duk gidan sun san ranar da maganar nan ta fita, ba wanda zai kwana da rai. Ita kuwa Inna ba abin da take so a duniya irin jin muryar ɗanta.

Wata rana tafiya ta kama Mudassiru, sai ya kawo kwamfutar gida ya zaunar da Nomau a gabanta. Ya ce, “Ka buɗe kunnenka. In ka danna sau biyu, muryar za ta shige rumbun waƙoƙi, duk wanda ya zo turi da ita zai tafi. Sau ɗaya za ka danna, Inna ta ji daga katin, ka zare. Sau nawa na ce?” Nomau ya ce, “Sau ɗaya, Yaya.” Ya kuwa danna, Inna ta ji, ta yi kukanta. Washegari ta ce a sake sa mata, ya ce ai ɗayan ta ƙare jiya. Ta lallashe shi, ta zage shi, har ta ce za ta ɗaga masa nono, ko gezau. Kwana huɗu tsohuwar nan tana zaune tana kallon kwamfuta a rufe, abinci ma sai da ƙyar. Ni dai ban taɓa ganin biyayya mai ciwo irin wannan ba.

Wata rana, bayan ya dawo, Mudassiru ya ce, “Kullum ka sa mata, amma kada kowa ya ji sai ita.” Nomau ya toshe kunnuwansa da auduga, ya kora kaji da awaki waje, sannan ya je ɗakin Zinatu matar marigayi, wadda ke cikin takaba, ya ce ta fita. Ta ce, “Haba Nomau, muryar mijina ce fa.” Ya ce, “Ke ba Inna ba ce.” Haka ta tsaya a ƙofar gida cikin rana tana hawaye, masu wucewa na kallo. Kafin azahar unguwa ta fara tambayar me ake ɓoyewa a gidan Tasalla da har ake fitar da mai takaba titi.

Wata rana, da Mudassiru ya ga tsegumi ya yi yawa, sai ya ja shi gefe ya ce, “Duk wanda ya tambaye ka, ka ce ba ka san komai game da muryar Lawali ba.” Da safe mai shayi ya ce, “Nomau, an tashi lafiya?” Ya ce, “Ban san komai game da muryar Lawali ba.” Mai nama ya tambaye shi ko Inna ta ji sauƙi, amsar ke nan. A tasha Haladu da kansa ya ce masa, “Ina za ka da ranar nan?” Nomau ya dube shi ido cikin ido ya maimaita masa. Aka yi ta dariya a tashar, amma Haladu bai yi ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Mudassiru ya tashi idonsa jawur. Ya ce, “Wanda ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Haladu ya riga ya gane. Tunda kashe mu za su yi, gara gari ya ji sunan munafukin. Yau ka danna sau biyu, duk wanda ya kawo kati ka juye masa rumbun gaba ɗaya. Ni zan je neman motar da za ta fitar da su Inna.” Nomau ya yi yadda ya fahimta, ya zare katin ya soke a hularsa, ya wuni yana juye wa mutane rumbu.

Da la'asar 'yan bindiga suka shigo kasuwa a kan babura shida, Haladu na biye da su a ƙasa kamar mai kallo. Suka kamo Mudassiru a tasha suka durƙusar da shi gaban shagonsa, bakin bindiga a ƙeyarsa. A cikinsu akwai wanda ya san kwamfuta. Ya zauna ya bi rumbun waƙa bayan waƙa, ya karɓe katunan mutane ya bincika, bai samu komai ba sai kiɗa da wa'azi. Mudassiru yana ta kalmar shahada, yana jiran muryar yayansa ta tashi, shiru. A ƙarshe shugabansu ya harari Haladu ya ce, “A kan surutun wawa ka taso mu?” Suka karya wa Mudassiru hannu don kada zuwansu ya tashi a banza, suka hau baburansu.

A gida, ana ɗaure masa hannu, ya ce, “Nomau, ba na ce ka danna sau biyu ba?”

“Sau biyu na danna, Yaya. Na danna ɗaya, sai Yaya Lawali ya fara magana. Ai ba a katse babba. Na jira ya gama, sannan na danna na biyun.”

Mudassiru ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kuka ya ƙwace masa. Inna ta jawo kan Nomau ta ɗora a cinyarta, ta ce, “Ku ƙyale min shi. Mai hankalin cikinku yau da ya sa na binne uku.”

Ba wanda ya mutu a gidan ranar, gari kuma bai ji sunan ba. Haladu yana nan a tasha yana sayar da fetur, motoci na fita yana ƙirga su da ido. Duk safiya in Nomau ya zo wucewa sai ya rusuna ya gaishe shi, domin Inna ta ce a riƙa gaida manya.