Aikin Gida a Kan Guntun Katako

"Yauwa, sannu da aiki. Ashe kana nan da ranka? Na zaci zan tarar an rufe shagon."

"Ina nan, Amarya. Na yi alkawarin ba zan tafi ba sai kin yi ƙiba, kin ga kuwa da sauran lokaci."

Haka mahaifina da 'yata suke gaisawa, kuma na daɗe da daina sa musu baki. Baba kafinta ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, garin katako har idon sawu, ƙofofin mutane jingine da bango suna jiran fenti. A ƙarshen dogon teburin aikinsa akwai wani wuri da ba ya yarda a ajiye ko ƙusa, don nan ne wurin jikarsa. Ya ƙera mata kujera daidai tsawonta, kuma duk shekara sai ya sake sabuwa yana mita.

Tun tana aji ɗaya take sauka a shagon in an tashi makaranta, ta yi aikin gidanta a nan, ni kuma in biyo in ɗauke ta idan na tashi daga kantin maganin da nake aiki. Yanzu tana aji huɗu. Dalilin zuwan nata ke nan, babu wani: a gida ƙannenta ba sa barin ta ta rubuta layi ɗaya. To sai ga makaranta ta aiko da takarda, wai kowane gida ya zaɓa, a ci gaba da ba yara aikin gida ko a daina. Ni da bakina na ce, a gaban Baba, in an daina ai shi ke nan, motar makaranta ta riƙa wucewa da ita gida kai tsaye. Sai da na faɗa na tuna cewa tun rasuwar mahaifiyarmu, awa ukun nan ne kaɗai ake yi wa tsohon surutu a rana. Shi kuwa ya ci gaba da yankan katakonsa. Don in wanke kaina na ce shi zai cika takardar, tunda shi ke zama da ita.

Ranar na zo da wuri, na tarar ta shimfiɗa masa takardar a kan tebur.

"Ta mece ce?" in ji shi. "In ta saki ce miƙo in dangwala, dama na gaji."

"In na sake ka wa zai ɗauka? Ko gara ba ta cin irinka, ka bushe da yawa."

Ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya ce a ci gaba, in da hali ma a ƙara.

"Kai da ba ka taɓa shiga aji ba?"

"Na shiga. Kwana uku na yi, malaman suka ce iliminsu ya ƙare, in je gida kafin su samo wani."

"Har yanzu ba su samo ba ke nan."

"Ina jira. Kuma bencin da kike zama a kai a ajinku, irin aikina ne."

"Shi ya sa yake yaga mana kaya."

Daga nan ta jero masa hujjojinta, kuma in faɗi gaskiya, ta shirya. Ta ce awa bakwai suke yi a makaranta, sannan a biyo su gida da wata makarantar a cikin jaka. Ta ce akwai 'yar ajinsu da babanta ke yi mata duk aikin, malama ma ta gane, har in ya faɗi sai ta ce a gaishe shi, ya ƙara ƙoƙari. Ta ce akwai wadda gidansu babu mai iya taimaka mata, ita ce kullum ake tsayarwa a gaban allo. Sannan ta turo masa jakarta ta ce ya ɗaga ya ji. Ya sa hannu ɗaya, jaka ba ta motsa ba. Ya sa biyu.

"Ba nauyi," in ji shi. "Hannun ne yake hutu yau."

"Shekaranjiya a kan teburin nan barci ya kwashe ni. Da na farka na ga an sa mini tsumma a ƙarƙashin kai."

"Teburina na kare. Yawunki yana ɓata katako."

Shi ma ya kawo nasa. Ya ce hannu mantuwa gare shi, abin da aka koya da safe in ba a maimaita da yamma ba, gobe sai a sake daga farko. Ya ce duk wanda ya koyi aiki a hannunsa sai da ya yanka katako ɗari a karkace kafin ya yanka ɗaya a miƙe, kuma ita da ƙwaƙwalwarta ba ta kai kan ƙusa ba, ɗari biyu take bukata.

"To a cikinsu wa ka taɓa ɗora wa ƙofa a ka, ka ce ya je gida ya ƙarasa?"

Baba ya duba ƙofofin da ke jingine da bango kamar za su taimake shi.

"Ƙofa ba ta shiga jaka," ya ce.

"Da tana shiga fa?"

Ya ce ta daina cika shi da surutu, ta nuna masa inda zai yi alamar a ci gaba. Duk gidanmu mun san Baba lamba kawai ya sani, ta tef ɗin awo. Takarda kuwa, ko ta asibiti ce, ni nake karanta masa. Akwati biyu ne a takardar, na sama a ci gaba, na ƙasa a daina. Ina kallo 'yata ta ɗora yatsa a kan na ƙasa, fuskarta ko gezau, ta ce nan ne. Na gani, na yi shiru, don ni ma na gaji da aikin gidan nan.

Baba ya ɗauki takardar, ya nesanta ta da idonsa, ya ɗora babban yatsansa mai tabon guduma a ƙarƙashin layin. Leɓensa ya fara motsi.

"A... dai... na. A daina ba... yara." Ya ajiye. "Amarya, ashe har da ha'inci a cikin abin da ake koya muku?"

Da ƙyar 'yata ta ce, "Wa ya koya maka?"

"Wata malama ce, siririya, ba kyau. Ba ta san tana koyarwa ba. In tana aikinta karatu take da ƙarfi kamar mai talla, ko kurma sai ya iya."

Ya sa ƙafa ya turo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da guntayen katako, irin waɗanda ake zubarwa, kowanne da rubutun fensir, manyan baƙaƙe a karkace. Ashe in tana aiki yana leƙe ta kafaɗarta, in mun tafi sai ya ɗauki guntu ya yi nasa. Wanda ya ɓaci ya goge da samfefa ya sake. Na ƙasan kwalin baƙaƙe ne ɗai-ɗai na aji ɗaya, na saman kuma jimloli ne cikakku. Kunya ta kama ni ƙwarai. Shekara huɗu ina shiga shagon nan kullum, ban taɓa tambayar abin da ke cikin kwalin ba.

Ita kuwa ta tsuguna tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan na saman.

"Wannan na jiya ne. Biyu ka ci cikin biyar."

"Ke nawa kika ci?"

"Ba a tambayar malama."

Baba ya jawo takardar gabansa. Na ɗauka akwatin sama zai nufa, sai na ga ya yi alama a na ƙasa, ya danna fensirin sosai.

"Kin yi gaskiya a kan ƙofar," ya ce. "Yaro in ya tashi aiki, ya tashi."

A wurin sa hannu bai nemi abin dangwale ba. Ya rubuta sunansa, baƙi bayan baƙi, ya fi minti biyu yana yi. Ranar na fara ganin sunan mahaifina da rubutun hannunsa. Ya miƙa mata takardar, ya juya ya ɗauki zarto, ya ce mini ba tare da ya kalle ni ba in za mu tafi mu ɗauki kujerar, dama tare masa wuri take yi.

'Yata ta ninke takardar ta sa a jaka. Sannan ta zaɓi guntun katako mai kyau, ta yi ɗage ta zare fensirin daga kunnensa, ta zauna a kujerarta ta rubuta tambayoyi biyar. Ta ajiye masa a kan katakon da yake shirin yankawa.

"Gobe ƙarfe biyu zan zo in duba. Jibi ma haka."

"Ni ban yarda da aikin gida ba. Yanzu na sa hannu, ga uwarki shaida."

"Takardar ta yara ce. Kai ka ga ka yi kama da yaro?"

"In ban yi ba fa?"

"In tsayar da kai a bakin ƙofa, masu wucewa su gani. Kuma in ka sa wani ya yi maka, zan gane."

Baba ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya goge ido da bayan hannu ya ce garin katako ne. Sai ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko jan fensirin da yake yi wa katako alama da shi, wanda ko ni bai taɓa bari na taɓa ba, ya miƙa mata.

"Ungo, Malama. Ki riƙa sassauta hannu wajen maki. Ɗalibin naki maraya ne."

Kujerar dai ba mu tafi da ita ba.