Yadda Ake Sarin Tumatir a Unguwar Dosa

Kai ma'aikacin gwamnati, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari duk layinku sai an san da zamanka. Malam Lawan na Unguwar Dosa ya bi su, har yau ana labarinsa.

1. Fahimci kalmar. Sari shi ne ka sayi abu jingim a tashi ɗaya don ya zo da araha. Ko kana bukatarsa? Wannan tambayar masu ƙaramar zuciya ce. Lawan a ofis ya ji ana cewa mai hankali ba ya cefane ɗan tsili-tsili, maganar ta zauna masa.

2. Kada ka shawarci uwargida. Ran Asabar ya leƙa kasuwar Kawo, ya tarar tumatir ya yi araha. Dillali ya kira shi Alhaji, shi da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Nan take ya sari kwanduna har keke napep ta karkace.

3. Shigo layi da rana tsaka, kowa ya gani. Matarsa Nafisat ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Baban Khalid, biki za mu yi?"

"Tattali ke nan," in ji shi. "Ba za ki gane ba."

4. Dogara da wuta. Firij ɗinsu ɗan mitsitsi ne, a ranar kuma aka ɗauke wuta. Tumatir ya fara tsiyaya, ƙudaje suka yi sallama. Nafisat ta yanka ta shanya har bisa rufin mota, akuyar maƙwabta ta zo ta taya ta.

5. Mai da asara sadaka. Lawan da kansa ya riƙa bi gida-gida da roba. Da fari aka yi ta sa masa albarka. Daga baya Hajiya Delu, dattijuwar layin, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, Allah ya saka. Amma ka ji tsoron Allah, na jiya ma zubarwa muka yi."

Ya dawo da robarsa ya tarar Nafisat ta ɗaure kayanta. Ta ce tana gidan yayarta a Doka, in gidan ya daina wari a zo a faɗa mata. Ya zauna kan kwando.

Gargaɗi: in taka matar ta tafi, ba ruwana, ni ilimi kawai na bayar. Ka je bikonka da ƙafarka. Sai dai kada ka bi ta Kawo, an ce albasa ta karye.