Zakaran Gwaggo a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da zakara ya kusa mutuwa a ƙirjina ba, ina tsaka da koya wa mutane tausayin dabbobi.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai, ina malamin firamare a Kafur, kuma ni ne sakataren wata 'yar ƙungiya ta tausaya wa dabbobi. Aikinmu shi ne mu zaga kasuwa muna wanke wa jakuna miki kyauta, mu gyara akumarin da ke cin baya, mu roƙi masu garma su riƙa hutar da shanu. Ni kuwa na fi ƙwarewa a kan kaji. Duk wanda na gani ya rataye kaza a keke kai a ƙasa, sai ya sha wa'azi (har gudu na ake yi a hanya, ni kuma ina ɗauka girmamawa ce).

Babban burinmu rumfa ce a kasuwar Malumfashi, inda za a riƙa duba jakunan da ke dakon auduga. Shugaban ƙungiyar, wani likitan dabbobi daga Kaduna, ya ce zai zo ya ga ko da gaske muke kafin ya ba da magani da kwanon rufi. Ni aka ɗora wa jawabi.

Ran nan na sa babbar rigata ɗaya tilo, na hau keke. A hanya na ce bari in biya in gaida Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina. Zan tashi sai ga ta da jan zakara, ƙafafu a ɗaure.

"Gwaggo, yau dai a bar shi, taro zan je."

"Ɗan nan, tun yaushe ka fi ƙarfin abin hannuna?"

Wa ya isa ya amsa wannan? Da kanta ta rataye shi a kan keken, kai a ƙasa, ta ja igiya ta ƙulle.

Na yi niyyar ajiye shi gidan wani abokina. Amma ina shan kwanar kasuwa na hango motar Likita, ga jama'a sun yi cincirindo suna duban hanya. Na faɗa bayan wata kuka, na kwance zakaran, na dubi gabas na dubi yamma, sannan na cusa shi a babban aljihun gaban rigata. Hikimar da ta zo mini ke nan, ni da nake koyar da lissafi.

Na gaisa da Likita ina dafe da ƙirji, ya ɗauka ladabi ne. Aka tsayar da ni a rana, na fara jawabi. Bakina na maganar mikin jaki, zuciyata na roƙon Allah kada zakaran nan ya yi cara. Ya motsa, na yi tari. Ya sake motsawa, na ɗaga murya. Gumi ya jiƙe ni sharkaf.

Can sai na ji shiru. Da farko na yi hamdala. Daga baya tsoro ya kama ni, domin shirun ya yi yawa. Na ɗan zungure shi da gwiwar hannu, ko gezau. A daidai lokacin kuwa na iso kan kaji, ina cewa, "Ita ma kaza rai gare ta, tana jin abin da kuke ji."

Nan na dakata. In na yi biris na ƙarasa jawabin, zakara ya mutu a jikina. In na fito da shi, na kashe mana rumfa. Wallahi na so in ƙarasa jawabin. Amma hannuna ya riga ni, ya shiga aljihu ya zaro shi ta ƙafa, kai a ƙasa, wuya ya langaɓe, a gaban duk mutanen da na taɓa yi wa faɗa.

Sarkin Fawa ne ya fara magana, cikin natsuwa.

"Malam, miƙo shi a yanka kafin ya zama mushe."

Dariya ta ɓarke har masu awon hatsi suka baro buhunansu. Likita bai yi dariya ba. Ya karɓi zakaran, ya kwance masa ƙafa, ya kai shi inuwa, ya ɗiga masa ruwa a baki yana yi masa fifita da hularsa. Ni ina tsaye da kashin kaji a aljihu, ina jin da ma ƙasa ta tsage. Da zakaran ya buɗe ido ya miƙe yana tangaɗi, jama'a suka yi tafin da ba su yi wa jawabina ba.

Likita ya juyo gare ni. "Malam, rumfa za a yi, domin na ga garin nan na da buƙata, tun daga kan sakatare. Amma a ƙara a cikin wa'azi, ban da aljihu."

An yi rumfar, jakuna sun samu magani. Ni kuma na koyi darasina: ban fasa wa'azin kaji ba, sai dai duk ranar da zan yi shi, a hanyar dawowa nake biyawa gaida Gwaggo.